Koriyar Hular da Matata Ta Ɗinka Mini

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, gaisuwa gare ka da masu sauraro. Sunana Nafi'u, ɗan Kano, ina karatu a Guangzhou ta ƙasar Sin.

Da zan taho, matata Habiba ta ɗinka mini koriyar hula da hannunta. Da aka fara wasannin Olamfik na ce ai kalar ƙasarmu ce, na kafa ta na shiga aji. Ɗalibai suka dinga rufe baki suna dariya. A kasuwar Shahe wani mai shago har dafa kafaɗata ya yi, kamar mai yi mini jaje.

Sai Alhaji Bala, wani ɗan kasuwa mutumin garinmu, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, cire ta. A nan koriyar hula alama ce ta mijin da matarsa ke cin amanarsa."

Malam, na cire, amma tsokanar ta bi ni. Ita kuma kullum a waya sai ta ce, "Yaya, kana dai sa hular ko?" Yanzu hotona take jira da hular a ka.

Jama'a ku ba ni shawara. Da wane baki zan gaya wa baiwar Allahn nan?