Waƙar Mijina Ce Kuka Sa

Salamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Ya Falmata daga Fezzan.

Ranar Juma'a kun kawo Modu, ɗan ƙanena, ya rera sabuwar waƙarsa. To, waƙar nan tawa ce. Ina takaba na yi wa mijina Bukar ita. Modu ya ce, "Gwaggo, rera in ɗauka a waya, mu ajiye." Na yarda.

Sai ya cire sunan mijina, ya sa na budurwarsa, ya zuba kiɗa. Jiya a Kasuwar Kwastam na ga samari suna rawa da ita.

Jama'a, in bar shi da Allah, ko in zo gidan rediyon in rera ta da sunan mai ita?