In Tela Ya Lulluɓe Keke

A ɗakin jiran ganin likitan ƙwaƙwalwa, wani tela mai tabo a goshi ya zauna kusa da wani bakanike.

"Malam, kai ma kan ne?" in ji bakaniken.

"Shi ne. Babur ya kayar da ni."

"Ni ƙanena ne, ƙarfe ya faɗo masa a ka a gareji. Ya warke, amma da rana ta take sai kansa ya yi nauyi, ko sifana ya manta inda ya ajiye. Abokai sun ce ya riƙa ɗan kurɓar giya, wai tana warware gajiya."

"Ta warware me? Ƙwaƙwalwar da ke ɗingishi za a ƙara wa maye? Ni da na ga zare ya fara zama biyu a idona, sai in lulluɓe keken ɗinki da zane, in kashe rediyo, in miƙe bayan teburin yanka."

"Da rana tsaka? Masu kawo ɗinki fa?"

"Sun gane. In suka ga keke a lulluɓe, ko sallama a hankali suke yi. Masu gaggawa sun gudu, na huta. Sauran kuwa, ban ƙara ɗinka musu riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba."

Bakaniken ya yi dariya, ya shafa ƙeyarsa inda gashi bai gama tsirowa ba.

"To ni da ba ni da keke, me zan lulluɓe?"

Tela ya yi murmushi. "Ƙanen naka dai. Ka ce masa ya rufe bonet ɗin mota."