Garkuwar Akurkin Kaji

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamar firamare ce daga Garo ta Kabo.

Makon jiya muka kai 'yan aji biyar gidan tarihi a birnin Kano, su ga kayan yaƙin da. Saboda tsadar mai, mota ɗaya muka cika, maza gaba, mata baya.

Mai yi mana bayani ya nuna mana wata garkuwar fata a cikin gilashi. Sai ɗalibata Rabi ta ce, "Malam, ai mu da irinta muke toshe akurkin kaji." Muka yi ta dariya.

Washegari na bi ta gidansu. Wallahi garkuwa ce, har da tabon kibiya. Kakanta ya ce gadonta ya yi. Na ce, "Baba, a kai ta gidan tarihi mana." Ya ce, "Malama, can kallonta kawai za a yi. Nan kuwa har yau yaƙi take da muzuru."

Jama'a, ku ba ni shawara, in ci gaba da lallashinsa ne, ko a bar ta a bakin aikinta? Ina gaida Rabi da 'yan ajinta, da kajin Baba.