Mun Ɗauka Kunyar Ɗan Fari Ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Inna Hajo daga Kebbe. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

'Yata Rabi ta zo wankan gida, ba ta kallon jaririnta. Muka riƙa yabonta, mun ɗauka kunyar ɗan fari ce. Sai malamar asibitinmu ta ce, "Inna, ciwon damuwa ne." Mun je Sakkwato neman likitan da ke sauraron irinsu, aka ce layi ya yi tsawo. Malamar ce ta riƙa zuwa suna hira.

Ina tsoron ciwon ya dawo. Ina za mu samu likita kusa?

Malama, Allah ya saka. Jiya Rabi ta yi wa yaron wasa a gabana, ba kunya!