Mu Muka Yashe Kwatar, Wani Ya Gina Shago

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, ina tuyar masa a Gardole, nan Njamena.

Da a bakin wata toshasshiyar kwata muke tuya, wari da ƙuda sun kore mana masu saye. Mai unguwa ya ce, "'Ya'yana, ku yashe ta, wurin naku ne." Mu mata muka shiga laka har gwiwa. Wuri ya yi tsaf, ciniki ya dawo, har mai shayi da mai tsire suka kafa tebur.

Sai ya ba surukinsa wurin ya gina shago, mu ya tura mu gefen juji.

Jama'a, ku ba ni shawara. Kwatar nan ɗin ma ta toshe, jiya ya aiko wai mu yashe.