Ranar da Ma'aikata Shida Suka Bayyana a Asibitinmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Habiba, daga wani ƙauye kusa da Yako.

A asibitinmu ma'aikaciya ɗaya muka sani, Malama Rabi. Ita ce awo, ita ce allura, ita ce shara. Tana yi mana tsawa, ni ma na sha zaginta a zuci.

Ranar Talata na kai Habiba tana zazzaɓi, sai ga ma'aikata shida cikin fararen kaya, ko ɗaya ban taɓa gani ba. Ashe masu duba aiki ne suka zo daga Kano. Suka tambaye ni ko ana kula da mu. Shugaban asibitin yana tsaye a kaina yana murmushi, na ce, "Ƙwarai kuwa."

A hanyar gida na tarar da Malama Rabi zaune a ƙofar gidanta. Ta ce, "Wai in huta, Maman Habiba. Yau kaɗai."

Washegari muka koma allura ta biyu, ita kaɗai ce.

Jama'a, me ake tsoron ta faɗa wa baƙin? Shidan nan ina suka shige? Ni kuma da na yi musu shaidar ƙarya, wurin wa zan je in janye ta?