Sun Ce Raki Ne, Ashe Bakwaini Ne Ke Tafe

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, da ku masu sauraro. Ni 'yar'uwarku ce daga wani ƙauye a ƙasar Gagarawa.

A cikina na fari, ina wata bakwai, mara da baya suka riƙe ni, ciki yana ɗaurewa yana saki. Maigidana ya bar gona ya kai ni asibiti a Gumel. Aka kwantar da ni, ciwon ya lafa, na haihu lafiya a kan lokaci. Tun daga nan gidanmu suka ɗauke ni mai raki.

Bana da na sake samun ciki, ciwon ya dawo a wata na bakwai. Na faɗa wa maigidan, ya ce, "Irin na wancan karon ne, ki kwanta ki huta." Surukata ma ta goyi bayansa. Washegari da hantsi na haifi bakwaini a ɗaki, namiji, yana numfashi da ƙyar. Kafin motar haya ta kai mu Gumel ya koma.

Nas ɗin da ta duba ni ta ce da na zo da wuri, da an auna bakin mahaifata a hoto, a ga ko haihuwa ta kusa, a yi mini allurar da ke ƙarfafa huhun jariri.

Hajiya, har yau babu wanda ya ce mini ya yi kuskure. Don Allah ku gayyato likita ya bayyana alamomin naƙudar wuri. Maigidana yana sauraron shirin nan, kuma maganar rediyo ta fi tawa shiga kunnensa.